Kalar Zanen Ummulkhair

Ina tsakiyar jera fina-finai a kwamfuta Naja'atu ta shigo shagona da kaset a cikin baƙar leda. Shagon ɗan ƙarami ne, a bakin tashar Gumel. Ina cajin waya, ina tura fim, kuma tun bara na ƙara da juya tsofaffin kaset ɗin bidiyo na biki da suna zuwa waya. Na taɓa facin taya, na taɓa tuƙin keke napep, duk ban zauna ba. Wannan ne ya riƙe ni, wataƙila don kullum fuskokin da nake gani daban ne.

Naja'atu ɗiyar Baffa Ɗalha ce, ƙanen mahaifina da ke Gagarawa. Mahaifiyarta Ummulkhair 'yar Magarya ce ta ƙasar Nijar, ta rasu Naja'atu tana goye. Hotunanta gara ta cinye su a akwati, sai wannan kaset na bikinta kaɗai ya rage.

"Yaya Siraju, so nake in ga zanen da Ummata ta ɗaura ranar kamu," in ji ta. "Irin kalarsa zan ɗaura a nawa. Tela ya ce in ban kai masa atamfa a makon nan ba, in nemi wani."

"Ba ki tambayi Baffa ba?"

"Ya ce kore ne. Goggo Rabi ta ce ja ne, wai shi ango me ya gani ranar ban da ƙasa. Jiya har abinci ya huce suna musu."

Na sa kaset ɗin a na'ura. Ga mata cike da tsakar gida, ga masu kiɗan ƙwarya, ga amarya a tsakiya ta sunkuyar da kai. Amma komai baƙi da fari. Zanen ya fito toka-toka, da manyan furanni.

Naja'atu ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. "Ba yadda za a yi?"

"Kalar ta zube," na ce. "Kaset in ya daɗe kamar atamfa ne a rana." Haka kowa yake faɗa a tasha, ni ma haka na ɗauka.

Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe ledar, ta ce in tura mata ko a hakan ne, ta fita ta hau motar Gagarawa.

Manhajar da nake jera fina-finai da ita tana da gurbi na launi. Kowane fim sai ka gaya mata mai kala ne ko baƙi da fari. Na zaɓi baƙi da fari, bikin Ummulkhair ya faɗa cikin wannan rukuni. Rukunin ba shi da yawa: wasu fina-finan Indiya na zamanin kakanni, sai 'yan kaset ɗin gida. Na tsaya ina kallonsu. Sunan ɗan wani mai shanu a Dungas. Saukar karatu a Damagaram. Bikin Dogo direba a Magarya. Ko ɗaya babu na Gumel, babu na Sule Tankarkar, alhali ina da kaset ɗin Gumel da suka girme su, kalarsu kuma rangaɗau. Wace irin rana ce wannan da take cin kala a tsallaken iyaka kawai?

Na leƙa waje. Dogo yana jingine da motarsa yana jiran ta cika, shi ne mai jigilar Gumel zuwa Maigatari.

"Dogo, kaset ɗin bikinka, dama can ba shi da kala?"

"Wa ya faɗa maka? A gidan surukaina na kalle shi, babbar rigata shuɗiya har tana ɗaukar ido. Da na kawo shi nan ne ya koma haka. Na ɗauka zafin mota ne ya dafa shi."

"Ka mayar da shi can ka gwada?"

"Ni da nake neman fasinja? Kai dai ba ka da aikin yi."

Na koma ciki na hau bincike a waya. Ashe ƙasashen da Faransa ta mulka tsarin kalar talabijin ɗinsu daban ne da namu. Nasu sunansa sekam, namu fal. Ka ɗauko kaset ɗinsu ka sa a na'urarmu, hoto zai fito, magana za ta fito, kalar ce kawai na'urar ba ta iya karantawa. Tana nan kwance a cikin kaset.

Na sake fita da gudu. "Surukan naka suna da na'urar har yanzu?"

"Tana saman durowa, an ɗora mata kwanukan samira."

"Ka aro mini."

"Ka san tsohuwar nan, uwar matata, kuwa? Allura ba ta ba da aro."

"Ka ce mata zan dawo da shuɗiyar rigar surukinta, ta riƙa kallo a waya."

Ya yi dariya har ya bugi bayan motar. "To, ka same ni a Maigatari ranar kasuwa."

Ranar Alhamis ta kasuwar na rufe shago na bi shi. Wani ƙanen matarsa ne ya tsallako iyaka da na'urar a babur, an naɗe ta da zane kamar jaririya. Tsohuwar ta aiko da saƙo cewa in ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya, Dogo ya nemi wata ƙofar gaisuwa. Na rungume ta a cinya har Gumel, na goge kan da ke karanta kaset da auduga, na gwada da kaset ɗin Dogo. Da na sauya saitin kwamfuta zuwa sekam, sai ga riga shuɗiya. Kaset ɗin Ummulkhair kuwa ban taɓa shi ba. Ban ga dalilin da zan riga Naja'atu gani ba.

Washegari bayan sallar Juma'a na kwashi kayan zuwa Gagarawa. Na jona su da batir a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Goggo Rabi ta jawo tabarma tana cewa yau za a san mai ido.

Baffa Ɗalha ya zauna a kujera. "Wahala kawai kake ba kanka, Siraju. Mai ɗaukar nan ne ya cuce ni da tsohuwar kyamara. Tun ranar da na kawo kaset ɗin nan gida ban ga kala a cikinsa ba. Har yau in na tuna shi sai na yi tsaki."

"Baffa, a dai kalla."

Hoton ya yi rawa, ya tsaya. Ƙasar tsakar gidan Magarya ta fito ja. Ƙoren kiɗa suka fito da ruwan zuma. Kyamara ta ratsa mata, ta sauka kan amarya.

Zanen ruwan ɗorawa ne, furanninsa farare.

A cikin hoton wata ta ɗaga wa amarya mayafi, ta ɗago kai tana dariya tana kare fuska da hannu, lalle ya kama jajawur har wuyan hannu. Naja'atu ta dubi nata hannun, ta sake duban hoton.

"Ashe fara ce," ta ce a hankali.

"Kamar ke," in ji Baffa. Ya cire hula ya riƙe a gwiwa. "Ruwan ɗorawa ne. Ni na saya ma, a kasuwar Maigatari. Yaya aka yi na manta?"

"Na gaya maka ƙasa kake kallo," in ji Goggo Rabi, tana share ido da bakin mayafi.

"Ke da kika ce ja fa?"

"Ja ya fi kusa da shi a kan kore."

Baffa ya girgiza kai. "Shi kuma bawan Allah mai kyamara, in yana raye Allah ya sa ya yafe mini tsakin da na yi ta yi masa."

Na tsayar da hoton inda zanen ya fito sosai, na tura wa Naja'atu a waya. Kafin in gama naɗe wayoyi ta sako hijabi.

"Yaya Siraju, in ka tashi tare za mu Gumel. Masu atamfa ba sa rufewa sai magariba."

A cikin mota ta yi ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu tana duba furannin. Ni kuma na buɗe kwamfutar a cinya, na cire bikin Ummulkhair daga baƙi da fari na mayar da shi mai kala, sannan na fara neman lambar mai shanun Dungas.