Hagu Kaɗan

Daga saman shagonsa na buga takardu, Yaya yana hango rufin gidan ƙaninsa can cikin kwari, bayan layin dogo. A gidan nan Inna take. Bayan rasuwar Baba ne ƙanin ya ɗauke ta ba tare da ya shawarce shi ba, suka yi cacar baki, Yaya ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gidan ba. Mutum ne mai riƙo, irin riƙon da ya fi wahalar da mai shi. Ga kwarin ba ya kama sabis, ko kiran waya sai an hau rufi. Kewar Inna kuwa ta hana shi sakat.

Sai ya samo dabara. Zai tura intanet ɗin shagonsa har ɗakinta, su riƙa ganin juna a waya, rantsuwarsa kuma tana nan daram.

Mai sayar da kayan sadarwa ya jera masa eriya iri-iri a kan kanta. Yaya ya ture ƙananan gefe, ya ɗora hannu a kan wata mai kama da faranti.

"Wadda ta fi ƙarfi nake so. Tsohuwa ce za ta kalla, ba na son hoto yana yankewa."

"To ka zaɓa da kyau, Malam, amma bari ka ji halinta. Tana kaiwa nesa, sai dai abin da ta fuskanta kaɗai ta sani. Iya ƙarfinta, iya tsukewar hanyarta. Biyu za ka ɗauka, ɗaya a rufinka, ɗaya a can, kuma sai sun kalli juna ido da ido. In ɗaya ta kauce ko da kaɗan ne, ka yi asarar hawa."

"Wa zai saita ta can ɗin?"

"Wanda ke can mana. Kana waya da shi, kuna juyawa har su haɗu."

Jin sai ya yi waya da ƙanin, Yaya ya so ya ajiye farantin ya koma kan ƙananan. Amma kwarin da nisa, kuma shi ya faɗa da bakinsa cewa mai ƙarfi yake so. Ya aika wa ƙanin ɗaya a kwali, da lokacin da za su hau.

Da hantsi ya hau rufi, ya ɗaure tasa a jikin ƙarfe. Can ƙasa wani ɗigo mai farar riga yana motsi a kan kwano. Ya daɗe yana kallon lambar ƙanin a wayarsa kafin ya danna.

"Yaya, ina kwana," in ji ƙanin.

"Hagu kaɗan," in ji Yaya. Abin da bakinsa ya iya ke nan bayan shekaru. "Ya yi yawa. Dawo. Ɗaga ta sama."

Shi ma yana juya tasa, gumi na shiga masa ido, har fitilun bayan eriyar suka kama ɗaya bayan ɗaya, duk kore. Ya ji wani daɗi irin na yara.

"Sauka ka kai mata wayar," ya ce.

Ƙanin ya ce, "Yaya..."

"Ka kai mata, na ce."

Hoto ya fito tar. Ga gadon ƙarfenta, ga butarta, har zaren da ya fita a bakin ɗankwalinta yana gani. Ta rame. Ya gaishe ta, ta amsa da sauri, tana juya kai wajen ƙofa.

"Ya shigo ne?"

"Inna, ga ni nan a waya. Dube ni."

Ta lalubo wayar da hannu biyu, ta shafa gilashin da yatsu kamar mai neman hanci da kumatu. Idanunta sun yi fari, suna kallon wani wuri sama da kansa.

"Tun bara ba ta gani," in ji ƙanin a hankali. "Ita ta hana a gaya maka. Ta ce in ka zo ka gani da kanka."

Inna ba ta daina shafawa ba.

"Santsi kawai nake ji," ta ce. "An ce ka yi furfura. Ina take?"

Yaya ya bar sufana da sauran kusoshin a kan rufi. Ya sauko daga tsani, ko shagon bai tsaya rufewa ba, ya nufi layin dogo da wayar a kunne.

"Ki riƙe hannun haka, Inna," ya ce. "Ga ta nan zuwa."