Da Sauƙi, In Ji Arvid

Ciwon gaɓɓai ya raba Arvid Lindqvist da aikin walda, hukuma kuma ta hana shi tallafin nakasassu. Duk likitan da ya tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi. Mutanenmu na garin Duluth a Amurka ke nan, ko ƙafa ta guntule ba a kuka.

Ranar ɗaukaka ƙara, matarsa Doreen ta ja masa kunne tun a mota: in suka faɗi, sai sayar da gida.

Alƙaliya ta ce, "Malam Lindqvist, wa ke kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gidanku?"

"Ni mana, ranki ya daɗe."

Doreen ta miƙe. "Haba tsoho, ji tsoron Allah! Maƙwabci ke kwashewa, shi kuwa ya riƙe shebur saboda idon masu wucewa. Safa ma ni ke sa masa."

Alƙaliya ta ce ya cire takalminsa ta gani. Arvid ya sunkuya, ya maƙale a rabi. Sai da magatakarda ya zo aka miƙar da shi.

Alƙaliya ta ce, "Yaya jikin yanzu?"

Ya yi nishi. "Da sauƙi."

Alƙaliya ta amince da tallafin nan take.