Gemun da Ya Ƙi Tsiro

Babban Yaya maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta kusa kashe ubansa. Babu amfanin sassauta maganar.

Da aka sallamo Baba daga asibiti, likita bai ɓoye komai ba: ciwon suga ne da hawan jini, magani safe da yamma, kuma kada a bar tsohon shi kaɗai. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa neman abinci. Babban Yaya kaɗai ke gari ɗaya da shi, kuma da ƙafa ake zuwa gidan daga shagonsa na kayan gini. Shi ya bugi ƙirji ya ce a bar masa.

Ya buɗe wa dangi zauren hira a waya, ya sa masa suna "Lafiyar Baba". Kullum da safe sai hoto ya faɗo: Baba a kujerar roba bakin taga, gemu a gyare, yau farar riga, gobe shuɗiya. A ƙasa a rubuta, "Yanzu na fito daga wajensa, ya sha magani." Sai addu'o'i su yi ta zuba. Hoton yakan hau shafinsa na sada zumunta ma, inda waɗanda ba su san shi ba ke roƙon Allah ya ba su ɗa irinsa.

Gaskiyar ita ce, rana ɗaya aka ɗauki hotunan duka. Ranar dawowa daga asibiti, bayan mai aski ya gama aikinsa, Babban Yaya ya yi ta sauya wa Baba riga da hula yana ɗauka, har Baba ya ce, "Kai, takara zan tsaya ne?" Babban Yaya ya leƙo a makon farko, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ya sa wata mai sayar da abinci ta riƙa ajiye kwano a bakin ƙofa, shi kuwa ya koma shago yana karanta yabo.

Hotunan nan su suka rufe ƙofar gidan. Gwaggo ta yi niyyar zuwa, ta ga hoto, ta ce ai da sauƙi. Kawu ma haka. Kowa ya tura addu'a, ya ji ya sauke nauyi. Auta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ita takan kira.

"Baba, Yaya ya zo?"

"Ya zo, 'yar nan. Bai daɗe da fita ba."

Uba ba ya tona asirin ɗansa. Sai ya ajiye wayar ya ci gaba da kallon bango. Wanda ba shi da abokin hira, abinci ba ya yi masa daɗi. Wanda bai ci ba, a kan me zai sha magani? Ƙwayoyin suka zauna cikin ledarsu a kan taga.

Mai aski ne ya ɓata shirin, kuma ba da niyya ba, kishin sana'a ne kawai. Ya ga hoto a shafin, ya rubuta a ƙasa: "Ranka ya daɗe, wa ya ƙwace mini Baba? Tun ranar asibiti ba a kira ni ba, amma ga gemu kullum tsaf. A gaida sabon mai askin. Har ɗan yankan da na yi masa a haɓa ya kwaikwaya!"

Mutane suka yi dariya. Auta ba ta yi ba. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya tana buɗa su da yatsa. Ga yankan nan a haɓa, ɗanye, watanni bai warke ba. Ba ta kira kowa ba, ta shiga mota.

Da safe ta isa. Kwanon jiya na bakin ƙofa, ko buɗe shi ba a yi ba. A kan gado ta tarar da wani tsoho, gemu buzu-buzu, wuya kamar zare, ƙafa a kumbure, ga gyambo a yatsu.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Baba. Auta."

"Yayanki bai daɗe da..." Bai ƙarasa ba. Ya rufe fuska da hannu.

Tana nan tsaye wayarta ta yi ƙara. Hoton safe ne: farar riga, ya sha magani.

A asibiti Babban Yaya ya iso yana haki, waya a hannu.

"Auta, ki fahimce ni, shago ne ya..."

"Yaya, ajiye wayar nan. Ko hoton ƙafar za ka ɗauka kafin a yanke?"

Yatsu biyu aka yanke. Likita ya ce da an ga gyambon da wuri, wanki da magani sun isa. Ido ɗaya ake nema ya gani, ga dangi kuwa cike da zaure a waya.

Auta ta tafi da Baba gidanta. Da jikoki suka kewaye shi da surutu, cin abinci ya dawo, jini ya sauka. Babban Yaya yakan je, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Yakan amsa yana kallon taga, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Har ya bar duniya bai sake kallon fuskar babban ɗansa ba.