Tafin Hannun Magini

Matar Magini ba ta iya karatu ba, amma ta san hannun mijinta. Yana nan a bakin ƙofar tsohon ɗakin sujada, yatsa huɗu da rabi, don bulo ya cinye rabin ɗaya. Lokacin da cocin nan yake rumfar kwano, duk wanda ya yi aikin ginin sai ya danna tafinsa a ɗanyen simintin daɓe. Su goma sha ɗaya ne. Duk Ubangiji ya kira su gida, ita dai tana nan, ko an manta da ita ne.

Yanzu coci ya zama gari guda. Hawa uku, sujada huɗu ran Lahadi, Fasto ma sai a allo ake ganinsa, hanci kamar ƙofar ɗaki. Sai aka sanar za a shimfiɗa tayil a tsohon ɗakin, a ba masu ɗaukar bidiyo, saboda bikin shekara hamsin.

Ta ja sandarta zuwa ofis, don kada a rufe tafin mijinta.

Sakatariya ta ce, "Mama, wane sashe kike?"

"Sashen waɗanda suka ɗauko ruwan ginin nan a ka, 'yata."

"Babu shi a jeri."

Aka tura ta zumuntar mata. Suka yi mata addu'a mai tsawo, suka tura ta kwamitin gini. Kwamitin gini suka ce ai wannan tarihi ne. A kwamitin tarihi ta sami wani mai tabarau, wanda ta sha share wa majina a makarantar Lahadi. Ya buɗe littafin biki.

"Kaka, ai ba mu manta da Baba ba. Ga sunansa, shafi na tara."

Ta duba. Tururuwa ce a jere.

"Ɗana, wannan yana da yatsu?"

Ya yi dariya, ya ba ta fom, ya ce za su zauna a kan maganar wata mai zuwa.

Ba ta jira wata ba. Ran Alhamis ta tafi wurin mai tayil da kanta, don ta roƙe shi ya bar mata gurbi ɗaya. Ta tarar da ƙasan ɗakin duk rami-rami.

Ya cire hula. "Mama, sai an sassare tsohon siminti sabo yake kamawa. Tun Litinin muka fasa."

"Ina ɓaraguzan?"

"An cike ramin wurin ajiye motoci da su."

Ta je ta tsaya a kan ramin. An daddaɓe shi, an zuba yashi, har tayoyi sun yi masa zane. Ta ɗan tona da bakin sanda, tsakuwa ce kawai.

Mai gadi ya matso. "Mama, ɗan gusa, motar mawaƙa za ta shiga."

Ta gusa.