Damatsa Sun Fito, Jini Ya Yi Ƙasa

Aikina gwajin jini ne. Shekara goma sha huɗu ina zaune a ɗaki ɗaya na asibiti, tsakanin firji da na'urar ƙirga ƙwayoyin jini, ina duba na mutanen da ban sani ba. Amma na mijina, sai da na yi wata biyu ina magiya kafin in ga ko ɗigo.

Maigida tela ne. Zaman keke ya tara masa tumbi, ranar da wandon da ya ɗinka wa kansa ya ƙi shiga, ranar ya nufi gidan motsa jiki. Da farko har murna na yi. Daga baya ƙarafa suka biyo shi gida, biyu a bayan ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin gado, wanda na yi tuntuɓe da shi har farcena ya fita. Sau shida a mako yake ɗagawa. Mai horar da su ya ce ya bar jan nama, ya riƙa shan baƙin shayi don kitse ya narke. Maganar mutumin nan kuwa, a wurin Maigida ba a ja da ita.

Damatsa sun fito, ba ƙarya. Sai dai benenmu hawa biyu ne kacal, ga shi yana tsayawa a tsakiya yana haki. Wata safiya na ja fatar idonsa ƙasa, na ga cikin ya yi fari fat.

"Maigida, jininka ya yi ƙasa."

"Ni? Kin san nauyin da na ɗaga jiya kuwa?"

Na zaunar da shi na yi masa dalla-dalla. Jikin da ake wahalarwa haka yana neman ƙarin jajayen ƙwayoyin jini, su kuma da sinadarin ƙarfe ake gina su. Aikin ƙarfi yana fasa wasu, gumi yana tafiya da ɗan sinadarin, shi kuma ya daina cin abin da zai mayar, ga shayi a kan abinci yana hana jiki tsotsar ɗan abin da ya samu.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya. "Ke dai kowa kika gani, marar lafiya ne. Mutumin da ke wuni da ƙarfe a hannu za a ce ya rasa ƙarfe?"

"Ba ta tafin hannu yake shiga ba!"

Haka muka yi ta yi. In na sa masa hanta a faranti, ya ture gefe. In na ce ya biyo ni asibiti, sai ɗinki ya yi masa yawa.

Wata Laraba da hantsi, mai gyaran agogon da ke maƙwabtaka da shagonsa ya shigo ɗakin gwaji riƙe da shi. Wai yana cikin yanka yadi jiri ya kwashe shi, almakashi ya yanka yadin ta inda bai kamata ba, shi kuma ya zube a kan tarin yadudduka. Na ɗaure masa damtse, na ɗauko allurar ɗibar jini. Sai na ga ƙato yana ja da baya.

"Tsaya mana. Babu ƙarama?"

"Wannan ita nake sa wa jarirai."

Ya runtse ido, ya damƙe hannun mai agogo har bawan Allah ya yi ƙara.

Sakamako ya fito kamar yadda na faɗa. Ma'aunin jininsa goma, alhali bai kamata ya gaza sha uku ba, ajiyar ƙarfen jikinsa kuma saura ƙiris ta ƙare. Likita ya sa aka bincika ko jini na zuba ta wani wuri a ciki, ba a ga komai ba. Sannan ya maimaita masa maganata, kusan kalma da kalma: ƙwayoyin magani, nama da wake da ganye, shayi nesa da abinci, ɗaga ƙarfe sau uku a mako.

Maigida ya dafa ƙirji. "Allah ya saka da alheri, likita. Ai da na samu mai yi min bayani haka tun farko, da ba a kai nan ba."

Ina tsaye a gefensa, takardar sakamakon na hannuna. Likita ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Da na buɗe baki a lokacin, da sai an fitar da ni daga ofishin.

Ya bi dokar likita sau da ƙafa, cikin wata uku jini ya dawo daidai. Amma a kwana na huɗu da fara magani ya kira ni a waya ina tsakiyar aiki, wai bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin.

"Maganin ne, haka yake yi. Kwantar da hankalinka."

"To... ba ni lambar likitan dai in ji daga bakinsa."

Na kashe wayar, na leƙa waje na kira mai bi a layi.