Bindiga a Tukunyar Jatan Lande

Ruwa na ta ɓararraka a tukunyar dafa jatan lande lokacin da Eulalie ta sa ƙugiya ta ɗago ƙarfen bindigar. Mazan unguwa suka leƙo kai ka ce rabo za a yi. Daga baranda, maƙwabcinta Kawu Ovide ya buga sandarsa a katako.

"Mayar da ita, 'yar nan, sai jan ya koma baƙi. Ke shinkafar ma haka kike sauke ta da gari?"

Kwana da kwanaki bindigar tsohon ta yi a cikin ruwan ambaliya. Da ruwa ya janye, Wilfred mai gyaran kwalekwale, sarkin karambani, ya shanya ta a rana wai ta bushe, kafin yamma tsatsa ta yi mata jar riga. A makon ne kuma likita ya sallamo Kawu Ovide da robar iska a hanci, ya ce zuciyar ta gama aikinta. Tsohon bai yi musu ba. Shi dai agwagin daji sun fara sauka a gonakin shinkafa, kuma ba zai tafi bai ji bindigarsa ta yi magana ba. 'Yarsa Noelie ta yi tsalle ta dire ta ce ba a gabanta ba. Shi ya sa aka jira ta tafi gari karɓo magani, aka kwance ƙotar, aka hura wuta don a dafa ƙarfen tsatsar ta saki.

Da ƙarfen ya yi baƙi, aiki ya kacame. Eulalie na gurza da soson ƙarfe, Wilfred na bin ta da mai, wani na tsaye a bakin titi yana gadi ko motar Noelie za ta ɓullo. Tsohon sai ba da umarni yake yana tari, idonsa na ƙyalli. Rabon Eulalie da ta ga wannan fuskar tun matarsa na raye, abin ya yi mata daɗi.

Ta ɗaga bututun ta hanga ta cikinsa, haske ya fito tas. Da aka mayar da ƙotar, Wilfred ya ce a ɗaure bindigar a jikin taya a ja kunamar da igiya, kada ta fashe a fuskar mutum.

"In ta fashe, me za ta rage mini?" in ji Kawu Ovide. "Ku ɗauke ni."

Suka cicciɓe shi da kujerarsa har bakin gona, ruwa iya ƙauri, suna zamewa suna dariya. Eulalie ta zare robar daga hancinsa ta saka masa harsashi a bindigar. Sai ga mai gadi a guje, wai mota ta shigo kwana. A daidai nan agwagi suka taso ƙasa-ƙasa ta kan shinkafar.

Ƙarar ta cika filin. Kujera ta yi baya, maza suka tare. Ko gashin tsuntsu ɗaya bai faɗo ba, amma tsohon na ta ƙyaƙyata dariya ba numfashi, yana cewa rana ce ta shiga idonsa. Noelie ta iso da takalmin gari cikin laka, ta mayar masa da robar, ba ta ko dubi Eulalie ba.

Gaisuwa ma ba ta ƙara haɗa su ba, sai ranar Lahadi da safe Noelie ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta ce Baba ya sha kofinsa, ya koma ya kwanta, shi ke nan. Tana neman mai taya ta sauya masa riga kafin masu ɗaukar gawa su zo.

Suka zame rigar barcin a hankali. A kafaɗarsa ta dama jini ya kwanta inda ƙotar ta doke shi, faɗin tafin hannu, gefensa ya fara yin rawaya. Eulalie ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa.

Noelie ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ɗora tafinta a kai, ya rufe shi daidai, ta bar shi a nan.