Ba Ki Ce In Fito Ba

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, don ko ni da na ji shi, na daɗe ban iya jan ƙofa a bayan kowa ba.

Su biyu ne a shagon ɗinkin, Yaya da Auta. Yaya ke yanka, Auta ke awo da haɗawa. Keken ɗinkin Auta kullum a bakin shago yake, inda rana ke dukan ta. In an ce ta matso ciki, sai ta ce idonta ba ya gani a can. Ɗan lungun da mata ke gwada kaya kuwa labule ne a bakinsa, shi ma in ta shiga awo sai ta bar gefensa a ɗage.

"Sarkin tsoro," in ji Yaya. "Ke da ko ƙwarzane ba ki taɓa samu ba."

Wannan magana ita ce abin alfaharin Yaya. Suna yara, in Baba ya dawo da fushinsa, tun daga yadda ya jefar da takalmi take ganewa. Sai ta sunkuci Auta ta cusa ta cikin kabad ɗin kayan Inna, tsakanin zannuwa, ta ce, "Wasan ɓuya muke. Kada ki motsa sai na ce ki fito." Ta tura murfin da ƙugunta, ta je ta tari abin da ya samu. Har yau akwai tabo a bayan kunnenta, Auta kuwa jikinta sumul. Iyayen sun rasu, amma Yaya ba ta daina ba da labarin ba. Duk lokacin da ta ɗauko shi, sai Auta ta ƙara wa kekenta gudu.

Wata malamar asibiti ce ta jawo maganar ƙofa.

"Haba tela, ni da girmana in tuɓe a bayan wannan tsumma? Iska na ɗagawa, duk mai wucewa ya san awon ƙuguna!"

Aka yi dariya. Yaya ta kira kafinta ya kafa ƙofar katako, ya ce sakata sai wani zuwan.

"Yaya, labulen ai bai yi laifi ba," in ji Auta a hankali.

"Ke za ki koya mini sana'a? Ƙwai ya fi kaza wayo ke nan."

Ran nan da hantsi Auta ta shiga lungun rataye kayan da aka gama. Yaya ta taho da rungumen yadi, ƙofar ta tare mata hanya, ta tura ta da ƙugu ta wuce. Mata suka cika shagon, ana ta gardamar wuyan riga. Yaya ta ga keken Auta ba kowa, ta ɗauka ta tafi sayo zif. Har mita ta yi, wai yarinyar nan in ta fita sai ka ce an aiki bawa garinsu.

Sai da la'asar, da malamar ta zo karɓar rigarta, Yaya ta buɗe ƙofar.

Auta na tsugune a kusurwa ƙarƙashin riguna, gwiwa a ƙirji, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Tef ɗin awo na bakinta, ta tauna shi ya yi kaca-kaca. Idonta a buɗe, amma ba ya ganin kowa.

"Auta! Ba sakata fa! Turawa kawai za ki yi!"

Muryar da ta amsa ba ta babbar mace ba ce.

"Ba ki ce in fito ba."

Bayan an watse, an shafa wa Auta ruwa, suka zauna a bakin shago. Auta na kallon titi.

"Kin san murfin kabad ɗin Inna yana da tsaga? Ina ganin ƙafafunku. Ina jin kukanki. In kin yi shiru, sai in ce shi ke nan ya kashe ki, ba mai zuwa ya buɗe ni. Da ma ni ya doka, Yaya. Duka yana ƙarewa."

"Don ke na yi, 'yar Inna."

"Na sani. Shi ya sa na kasa faɗa miki."

Ta nannaɗe tef ɗin a yatsa. Ta ce akwai wata mai ɗinki a rumfar bakin kasuwa, ba bango ba ƙofa, ta daɗe tana neman ta, can za ta koma. "Ba fushi nake ba, wallahi. Na gaji ne."

Yaya ta ƙura wa keken ido. Ba abin da ke yawo a kanta sai sautin keken nan, yadda yake ƙara gudu duk lokacin da ta ɗauko labarin kabad tana dariya a gaban baƙi. Ashe amsa ake ba ta shekara da shekaru, ita kuwa ta ɗauka himma ce.

Washegari Yaya ta riga kowa zuwa. Ba ta jira kafinta ba, ta ari kayan aikinsa ta kwance ƙofar da kanta, har ta fasa farce, ta ja ta waje ta jingine. Ta zaro tsohon labulen daga buhun ƙyallaye ta mayar, ta ɗage gefensa ta maƙale. Ta ɗiga wa keken Auta mai, ta zura masa zare, ta ajiye sabon tef a kai. Sannan ta ɗauki almakashi ta fara yanka, duk inuwar da ta gifta bakin shagon sai ta ɗaga kai.